Tsofaffin ɗaliban Eton: karatu ne ya kai su, ko gata?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya yana cewa: "Malam, na ji an ce makaranta guda a Ingila, mai suna Eton, ta fitar da firaministoci 20. Wai karatunta ne ya fi na kowa, ko dai 'ya'yan gata kawai ake tarawa a can? Sauran da ba su yi mulki ba kuma, ina suka ƙare?"

Lissafin da ka ji daidai ne, ɗan'uwa. Daga Robert Walpole, wanda ake ɗauka shi ne firaministan Birtaniya na farko, ya kuma riƙe mulki daga 1721 zuwa 1742, har zuwa Boris Johnson da ya sauka a 2022, mutum 20 ne suka bi ta wannan makaranta. A ganina gata ya fi yawa a cikin lamarin. Yaran da ake kaiwa can, tun kafin su sa ƙafa an riga an share musu hanya, sai makarantar ta ƙara musu baki da ƙarfin hali da abokai. Abin da ba ta iya bayarwa shi ne hangen nesa da halin kirki, kuma rayuwar ɗalibanta ce ta nuna haka.

Sarki Henry na shida ne ya kafa ta a 1440, a bakin kogin Thames, tsallaken fadar Windsor, domin yara 70 'ya'yan marasa hali su yi karatu kyauta, daga nan su wuce kwalejin da ya kafa a Cambridge a 1441. Har yau akwai gurbin yara 70 ɗin nan, ana ce musu ɗaliban Sarki, jarrabawa mai tsanani ce ke shigar da su, gidansu ma daban. Amma tun da daɗewa masu biyan kuɗi suka rinjaye su. Yanzu yara maza wajen 1,300 ne a ciki, daga ɗan shekara 13 zuwa 18, kowa da ɗakinsa shi kaɗai, kowa cikin baƙar kwat mai jela. Kuɗin shekara guda ya haura fam dubu 60, wato ya fi abin da matsakaicin ma'aikaci a ƙasar ke samu a shekara. Daga nan ka san 'ya'yan su wa ake magana.

Dubi yadda mulki ya riƙa zagayawa a tsakaninsu. Lord Salisbury ya yi firaminista sau uku. A 1887 ya naɗa ɗan 'yar'uwarsa, Arthur Balfour, babban sakataren harkokin Ailan, da Salisbury ya tashi ajiye aiki a 1902 kuma, Balfour ɗin ne ya gaje shi. Dukansu ɗaliban Eton ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a nan kawu ne ya miƙa wa ɗa kujera, babu ruwan makaranta. Salisbury ma bai ji daɗin Eton ba ko kaɗan, yara sun addabe shi da cin zali har aka cire shi yana ɗan shekara 15.

Mutanen nan biyu sun shafe mu kai tsaye. A 1890 Salisbury ya daidaita da Faransa a kan wani layi da aka ja daga garin Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a Tafkin Chadi, wanda shi ne mafarin iyakar da daga baya ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram. Shi da bakinsa ya faɗa a wannan shekara cewa suna ta rabon duwatsu da koguna a kan taswira ba tare da sun san takamaiman inda suke ba. Balfour kuwa shi ne firaminista a 1903, shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Shi ne kuma, yana ministan harkokin waje, ya sa hannu a wasiƙar 1917 da ta yi wa Yahudawa alkawarin matsuguni a Falasɗinu. Babu wanda ya taɓa taka ƙasar Hausa a cikinsu.

Abin ya kai ƙololuwa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda mutum uku suka jeru: Anthony Eden daga 1955, Harold Macmillan daga 1957, Alec Douglas-Home a 1963. Macmillan ne ke kan mulki lokacin da Najeriya ta sami 'yancin kai a 1960. Da rashin lafiya ta tilasta masa sauka, jam'iyyarsa ta masu ra'ayin riƙau ba ta da tsarin zaɓen shugaba, manya ne ke shawara a ɗaki su fito da suna. Suka tsallake Rab Butler, wanda mutane da yawa ke ganin shi ya cancanta, suka ɗauko Douglas-Home daga majalisar dattawan masu sarauta, har sai da ya ajiye sarautarsa ta gado ya nemi kujerar majalisar wakilai. Wani jigo a jam'iyyar, Iain Macleod, ya ƙi shiga gwamnatin, ya rubuta a jarida a farkon 1964 cewa cikin mutum tara da suka ƙulla wannan lamari, takwas 'yan Eton ne. Bayan wannan abin kunya jam'iyyar ta fara zaɓen shugabanta da ƙuri'a.

To, me makarantar ke ƙarawa? Karatun na da kyau, ban musa ba. Azuzuwa ba cunkoso, malamai ƙwararru, kowane yaro da malamin da ke bibiyar aikinsa a keɓe. Amma akwai makarantu a Landan da ke doke ta a jarrabawa. Abin da ya bambanta ta yana wajen aji. Yaran ne ke tafiyar da ƙungiyoyinsu da mujallunsu da wasanninsu na kwaikwayo. Yaro ɗan shekara 16 zai rubuta wa minista ko babban marubuci wasiƙa ya gayyace shi, ya tarbe shi, ya ci abincin dare da shi, ya gabatar da shi a gaban jama'a, ya kuma yi masa tambaya mai zafi. Wanda ya yi shekara biyar a haka, ba babban mutumin da zai gani gabansa ya faɗi.

Sannan akwai ƙungiyar da ake kira Pop, wadda aka kafa a 1811. Manyan ɗalibai ne kaɗan da ke kula da ladabtar da sauran, su kaɗai aka yarda su sa 'yar shara mai launin da ransu ya so a ƙarƙashin kwat, ta yadda daga nesa za ka gane su cikin ɗaruruwan yara masu baƙaƙen kaya. Shekaru da yawa 'yan ƙungiyar ne da kansu ke zaɓen magadansu. Ba maki ke shigar da kai ba, farin jini ne. Saboda haka yaro mai buri tun yana ƙarami yake koyon yadda ake sayen zukatan mutane, da wa za a yi wa fara'a, da wa za a matsa kusa da shi. Siyasa ke nan tun kafin gemu ya fito. Boris Johnson ya shiga Pop. Akwai wata wasiƙa da malamin gidansu ya rubuta wa mahaifinsa a 1982, yana kukan cewa yaron na ganin rashin kyautawa ce a ƙi ɗaukarsa a matsayin na daban, wanda ƙa'idojin da suka ɗaure kowa ba su hau kansa ba. Shekara 40 cif bayan haka 'yan sanda suka ci shi tara saboda karya dokar kullen korona da gwamnatinsa ta kafa, kuma cikin 'yan watanni ministocinsa suka yi ta ajiye aiki har ya sauka. Malamin ya hango halin, makarantar ba ta gyara shi ba.

Eden ma darasi ne. Mutum ne mai ilimi na gaske, ya karanta Larabci da Farisanci a Oxford ya fita da sakamako mafi daraja, ya daɗe yana ministan harkokin waje. Duk da haka a 1956, da Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin Suez hannun Masar, sai ya ƙulla da Faransa da Isra'ila a asirce aka auka wa ƙasar. Amurka ta juya masa baya, darajar fam ta fara zubewa, aka janye sojoji a kunyace, ya sauka a Janairun 1957. Kafin shi da daɗewa, Lord North, wani ɗan Eton, a hannunsa Birtaniya ta rasa Amurka.

Zancen abokai kuwa ba zato ba ne, an auna shi. A 2017 wasu masu bincike a Birtaniya suka bi diddigin kundin sunayen manyan ƙasar na sama da shekara 100, suka gano cewa wanda ya fito daga tsofaffin makarantu tara da suka haɗa da Eton da Harrow da Winchester ya ninka sauran jama'a sau 94 wajen damar shiga wannan kundi. A 2019 gidauniyar Sutton Trust ta nuna cewa kashi 7 cikin 100 ne kawai na 'yan ƙasar suka yi makarantar kuɗi, amma su ne kashi 65 na manyan alƙalai. Akwai lokacin da firaminista David Cameron, da magajin garin Landan Boris Johnson, da shugaban Cocin Ingila Justin Welby, da Yarima William mai jiran gado, duk tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya ne, a ƙasa mai mutane sama da miliyan 60.

Mafi munin abin da wannan zumunci ya haifar shi ne Guy Burgess. Ya fito Eton ya shiga Cambridge, a can Tarayyar Sobiyet ta ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Ya yi aiki a BBC, ya shiga ma'aikatar harkokin waje, aka tura shi ofishin jakadanci a Washington. Kowa ya san shi da maye da rashin kamun kai, amma aka yi ta rufa masa asiri, don a idon manya ɗan gida ne, ɗan gida kuma ba ya cin amana. Ya kwashi takardun sirri iya son ransa, ya tsere Mosko a 1951, a can ya mutu a 1963. Akwai kuma Lord Lucan, ɗan caca da ya ɓace a 1974 bayan an kashe mai renon 'ya'yansa, har yau ba a gan shi ba. Akwai Simon Mann, tsohon soja da aka kama a 2004 kan yunƙurin kifar da gwamnatin Equatorial Guinea. Jonathan Aitken tsohon minista ne da aka ɗaure a 1999 kan rantsuwar ƙarya a kotu, ya fito ya sake rayuwa, ya zama limamin coci mai hidima a gidajen yari. A Nepal, Sarki Birendra da ɗansa Dipendra duk sun yi Eton, kuma binciken hukuma ya ce ɗan ne ya harbe uban da sauran dangi a fada a 2001.

Adalci ne kuma a faɗi abin da suka biya. A Yaƙin Duniya na Ɗaya tsofaffin ɗalibai fiye da 5,600 suka tafi fagen daga, 1,157 ba su dawo ba, kusan ɗaya cikin biyar ke nan. Ƙananan hafsoshi ne yawancinsu, kuma ƙaramin hafsa shi ke fara fita daga rami, sojojinsa na biye. An zana sunayensu a tagulla a jikin bangon farfajiyar makarantar, layi bayan layi. A yaƙi na biyu an sake rasa 748. Cikin na farkon akwai Henry Moseley, masanin kimiyya da ya gano yadda ake jera sinadarai bisa lambar ƙwayar zarrarsu, aka harbe shi a Gallipoli a 1915 yana ɗan shekara 27. Tarbiyyar da ta koya musu cewa su ne masu ba da umarni ita ce ta koya musu cewa su ne za su shiga gaba. Ni dai ina ganin wannan ɓangare na biyu ne ya fi raguwa a 'yan bayan nan.

Maganar da ake jingina wa Wellington, kwamandan sojojin Birtaniya, wai a filin wasan Eton aka ci yaƙin Waterloo, masana tarihi ba su yarda ya faɗe ta ba. Ya yi shekara uku a can cikin kaɗaici, bai yi fice a komai ba, ya bar makarantar a 1784 bayan mahaifinsa ya rasu kuɗi sun yi ƙaranci. A Faransa ya ƙarasa horonsa, ƙasar da ya zo ya ci da yaƙi a 1815.

Waɗanda na fi girmamawa cikin tsofaffin ɗaliban, yawancinsu ko dai jarrabawa ce ta shigar da su, ko kuma makarantar ba ta gane darajarsu ba. John Maynard Keynes ɗalibin Sarki ne, ya shiga a 1897, shi kam ya ji daɗin wurin ya kwashe kyaututtukan lissafi. Shi ne ya sauya tunanin duniya game da abin da gwamnati za ta yi idan tattalin arziki ya durƙushe, shi ya jagoranci tawagar Birtaniya a taron Bretton Woods na 1944 inda aka haifi Bankin Duniya da asusun IMF. Eric Blair, wanda duniya ta sani da George Orwell, shi ma ɗalibin Sarki ne daga 1917 zuwa 1921, iyayensa ba masu ƙarfi ba ne. Ya yi wasa da karatu, bai shiga jami'a ba, ya tafi Burma aikin ɗan sandan mulkin mallaka. Shekara biyar ya yi ya ajiye aikin cikin ƙyamar abin da ya gani, ya wanke kwanuka a Paris, ya kwana da marasa galihu a Landan, ya yi yaƙi a Sifaniya aka harbe shi a wuya, tarin fuka ya kashe shi a 1950 yana da shekara 46. Ba marubucin Ingilishi na ƙarni na 20 da ya fi shi tona asirin mulkin danniya.

Labarin John Gurdon na fi so iyaye su ji. Yana ɗan shekara 15 ya zo na ƙarshe a darasin nazarin halittu cikin yara 250. Malaminsa ya rubuta a takardar sakamako cewa ya ji yaron na da burin zama masanin kimiyya, kuma wannan abin dariya ne, ɓata lokacinsa ne da na masu koya masa. Aka mayar da shi ajin Latin da Girkanci. Da ya isa Oxford ya samu ya koma nazarin dabbobi. A 1962 ya nuna cewa idan aka ɗauki cibiyar ƙwayar halitta daga hanjin talibambam aka sa a ƙwan kwaɗon da aka cire wa nasa, sabon talibambam zai fito, wato kowace ƙwayar jiki na ɗauke da cikakken bayanin halittar gaba ɗaya. A 2012 aka ba shi kyautar Nobel. Takardar malamin nan kuwa ya sa ta a gilashi ya ajiye a ofishinsa na Cambridge.

'Yan wasan kwaikwayo ma sun yi yawa a 'yan shekarun nan, irin su Eddie Redmayne da ya ci Oscar a 2015, da Tom Hiddleston da Damian Lewis da Hugh Laurie. Makarantar na da zauren wasa na gaske, kuma ɗan mai kuɗi ne ke iya jure shekarun farko na wannan sana'a da ba ta kawo komai.

Baƙar fata fa? Na farko shi ne Tokunbo Akintola, ɗan Firimiyan Jihar Yamma Samuel Ladoke Akintola, a 1964. Wanda ya fara kammalawa shi ne Dillibe Onyeama a 1969, ɗan alƙalin da ya zauna a Kotun Duniya. Ka ga ko su ɗin 'ya'yan manya ne. Onyeama ya sha zagin launin fata kullum. Idan ya faɗi jarrabawa a ce dama haka jinsinsu yake, idan ya ci a ce satar amsa ya yi. A 1972 ya rubuta littafi ya fayyace komai, makarantar ta hana shi sake shiga harabarta. Ya koma Enugu ya kafa kamfanin buga littattafai. Sai a 2020 shugaban makarantar ya nemi gafararsa a bainar jama'a, kusan shekara 50 bayan abin, Onyeama ya rasu a 2022. A wannan shekara ce Kwasi Kwarteng, ɗan asalin Ghana kuma ɗalibin Sarki mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya zama ministan kuɗi. Kasafin gaggawa da ya gabatar ya girgiza kasuwa, aka sallame shi bayan kwana 38.

Wani abu na Eton ya zo ƙasar Hausa ya zauna, wato wasan fayis, ƙwallon hannu da ake bugawa a jikin bango. Asalinsa yara ne ke buga ƙwallo tsakanin ginshiƙan cocin makarantar suna jiran a kira suna, shi ya sa filin ke da wani tudu da ƙusurwa a gefen hagu. Wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo shi Arewa a shekarun 1920, ya kama a Katsina da Birnin Kebbi da Sakkwato. Sardauna Ahmadu Bello, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, gwani ne a wasan, har ya je Eton ya buga. Kwalejin ta Katsina ma a kan irin wannan tunani Turawa suka gina ta: a tara yara kaɗan zaɓaɓɓu a makarantar kwana, a koya musu magana da wasa da jagoranci, su fito sun san juna. Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga can suka fito.

Yau ƙarfin Eton ya ɗan ja baya. Guraben da ɗalibanta ke samu a Oxford da Cambridge sun sauko daga kusan 100 a 2014 zuwa ƙasa da 50 a 2021, don jami'o'in sun buɗe ƙofa ga 'yan makarantun gwamnati, shi ya sa da yawa suke karkata Amurka. Gwamnatin jam'iyyar Labour da ta hau a 2024, kusan duk ministocinta 'yan makarantar gwamnati ne, ta kuma ɗora harajin kashi 20 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu daga Janairun 2025. Ita ma Eton ta ƙara yawan yaran da take ɗauke wa kuɗi. Amma ban ɗauka an gama da su ba. A 1964, da Douglas-Home ya faɗi zaɓe, haka aka ce. Firaministoci biyar suka biyo baya a jere, Wilson da Heath da Callaghan da Thatcher da Major, duk daga makarantun gwamnati, har zuwa 1997. Duk tsawon wannan lokaci 'yan Eton suna nan a bankuna da kotuna da rundunar soja da gidajen jarida, a 2010 Cameron ya shiga fadar gwamnati, a 2019 Johnson ya biyo shi.